Wa Zai Karɓi Tukunyar Inna?

Uwani, me ya ba ki dariya? Ke nake tambaya. Me kika gani a tukunyar nan da har kika rufe baki da gefen hijabi kina ƙyaƙyatawa, a gaban tsohuwar da aka sa miki sunanta?

Na san da sallama ake fara wasiƙa. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina fatan mota ta sauke ki lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye masu tsoron Allah, ya sa ki fito daga makarantar jinyar nan da abin da kika je nema. Amin. Na yi sallama, na yi addu'a. Mu koma kan tambayata.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin busasshen kifi. Ni na sa ta. Na san halina, in na kira ki a waya faɗa zan yi ta yi har kati ya ƙare ban faɗi rabin abin da ke raina ba. A takarda kuwa ba ki da damar ce mini, "Baba, ba na jinka, sabis ya ɗauke."

Bari in tuna miki, don kan mai shirin tafiya ba ya riƙe komai sai akwati. Ranar Talata da hantsi Inna, mahaifiyata, kakarki, ta fito daga ɗaki da 'yar baƙar tukunyarta ta maganin ƙaya. Tukunyar da duk masuncin da kifin nan kurungu ya taɓa soka, daga Warra har ƙauyukan tsallaken ruwa, ya san ɗuminta. Ta ajiye ta a gabanki ta ce, "Takwara, gobe da sahe mu tahi bakin ruwa in gwada miki ganyen. Ke zan ba." Ke kuwa sai dariya. Kika ce, "Haba Inna! Ni da zan je koyon aikin asibiti na gaske, me zan yi da tukunya? Ai zamanin wannan ya wuce."

Na gaske. Wato na Inna na ƙarya ne.

Matan gida duk sun ji. Inna ta naɗe tukunyarta da tsumma ta mayar ƙarƙashin gado. Ina bakin zaure ina wanke fulogin inji da fetur, duk a kunnena. Ban tanka ba, don da na buɗe baki a lokacin da sai maƙwabta sun shigo rabo.

Ba wa'azin tsofaffi zan yi miki ba. Ni ba tsoho ba ne, ko arba'in ban cika ba, ina ɗan ashirin aka haife ki. Kuma ba ni da bakin cewa ni ban taɓa ba, na yi abin da ya fi naki muni. Abin da ya tunzura ni ke nan: na ga kaina a fuskarki, kuma abin da na gani bai yi mini kyau ba. Zan zayyana miki wautata ba tare da na sa mata kwalli ba. Ni na riga na sha ɗacinta, ke ki ɗauki amfanin.

Ta farko ba ni kaɗai na yi ta ba, gari guda muka taru muka yi. Muna tasowa, da wuya ki sami ɗa namiji a bakin ruwan nan da ba ya fitsarin jini. Tsargiya. Kin san me muka ɗauke ta? Alamar girma. Wanda nasa bai yi ja ba tsokanarsa muke yi, mu ce har yanzu bai zama namiji ba. Ranar da na fara ganin nawa, wallahi murna na yi. Ba wanda ya kai mu wurin mai magani, ina dalilin kai lafiyayye? Wanzami bai ce cuta ce ba, mai saiwa bai ce ba, Inna ma da duk saninta ba ta ce ba. In abin ya yi zafi a ce rana ce ta buge ka, a jiƙa maka tsamiya.

A haka na girma, a haka na yi aure, har marata ta fara ɗaurewa kamar an ajiye mini dutse. Wata rana wani ma'aikacin lafiya ya kawo injin jirginsu gyara, ya ga yadda nake dafe ciki in zan sunkuya, ya tambaye ni. Na ce masa ba komai, gadonmu ne mu mutanen ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, gado ko tsutsa?" Na so in ƙwaɗa masa sifana. Amma na kai masa fitsarin a 'yar kwalba, don in ƙaryata shi. Ya ɗiga a gilashi, ya sa a na'urar nan tasu mai girmama ƙaramin abu, ya ce in leƙa. Uwani, na ga ƙwai. Da idona na gani. Ƙwayayen tsutsa, kowane da 'yar ƙayarsa a gindi, daga jikina suka fito. Abin da nake taƙama da shi ke nan tun ina ɗan goma sha biyu. Ya ɗora ni a sikeli, ya ƙirga ƙwayoyi daidai nauyina, ya ce in ci abinci in haɗiye. Ya ce daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata, kuma in ina shiga ruwa za ta iya dawowa, in riƙa zuwa ana dubawa. Shi ke nan fa.

To ki riƙe wannan: abin da kowa ya saba da shi ba lallai ne ya zama lafiya ba. Asibiti yana da idon da mu ba mu da shi. Maganin gida jira yake ciwo ya yi magana, na asibiti kuwa yakan kama ɓarawo tun yana cikin rumbu. Shi na tura ki ki koyo, kuma ki koye shi har ƙasan tukunya. Kada wani ya ce miki ubanki yana gaba da asibiti, ki ce masa ƙarya yake yi.

Ta biyu ita ce har yau take ci mini rai. Kin san Kawu Garba, abokina, mai gyaran taru a gindin tsamiyar bakin kwata, mai ƙafa ɗaya da sanda. Kin taɓa tambayar inda ɗaya ƙafar ta tafi? Ni na san inda ta tafi, don ni na yi mata rakiya.

Muna sauke kifi ne ya taka kurungu a cikin jirgi. Kin san ƙayar kurungu, haƙora gare ta kamar zarto, shiga ba wuya, fita sai da nama. Muka ɗauko shi ranga-ranga yana kiran sunan uwarsa, ƙato mai mata da 'ya'ya. Ki saurara ki ji aikin da kika yi wa dariya. Inna ta ɗora tukunya da ganye. Da ya tafasa ta juye a ƙwarya, tana sirkawa da ruwan randa tana tsoma gwiwar hannunta, ta sirka ta tsoma, har ya kai inda take so. Ta sa ƙafar a ciki, ta dafe masa gwiwa, tana tofa addu'a ƙasa-ƙasa. Tsakanin addu'a da addu'a tana tambayarsa ya jikin gyatumarsa, ya aka ƙare da rigimar gonarsu. Da ruwan ya fara hucewa sai ta ƙara ludayi guda na mai zafi, ta sake tsoma gwiwar hannu. Kafin a ce shinkafa ta nuna, mai ihu ya koma tambayar ko akwai sauran fura.

Sai ta ɗaga ƙafar, ta bi wurin da babban yatsa a hankali, ta daɗe tana latsawa. Ta ce, "Garba, dahi ya kwanta, amma ƙaya ba ta hita duka ba. Ta karye ciki. Wagga ba tawa ba ta. Ka tahi asibiti yau-yau, su tsaga su hidda ta, su yi maka allura."

Kin ji dai, ita ta faɗa. To ga abin da ubanki mai wayo ya yi. Lokacin kifi ne, ruwa yana bayarwa, ga shi ina ji da kaina ni ɗan mai maganin ƙaya ne. Muna fita zaure na ce masa, "Kai Garba, tsufa ne ya fara sa wa Inna tsoro. Wa ka taɓa ji an kai asibiti don kurungu? Su da ba su san kifi ba sai a miya? Ƙaya ai da kanta take fitowa." Ya ji tawa. Ya ɗaure da tsumma ya koma ruwa. Kwana bakwai ƙafa ta yi suntum, kwana goma ta fara baƙi, ƙuda na binsa. Da muka kai shi, likita bai yi dogon zance ba, ya ce, "Me ya sa sai yanzu?" Garba ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Daga ƙasan gwiwa suka yanke.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Suna kawai ya raɗa mini. Kin sha ji in na wuce yana cewa, "Likita, an fito?" yana dariya, ku ma kuna dariya, kun ɗauka don gyaran inji ne. Na fi son ya zage ni ta uwa ta uba.

Ga nasiha, kuma da ƙafar mutum aka saye ta. Mai magani na ƙwarai shi ne wanda ya san inda gaɓarsa ta ƙare. "Wannan ba tawa ba ce." Duk wanda kika gani yana ba da magani, ko farar riga ya sa ko tsumman tukunya ya riƙe, ki bincika ko ya taɓa furta wannan kalma. In bai taɓa ba, ki ɗauke majinyacinki ku gudu. Ke ma ranar da aka kawo miki abin da ya fi ƙarfinki, kada farar rigar ta hana ki faɗa. Inna ta san iyakarta. Ɗanta ne jahilin.

Bayan abin Garba sai na kife ɗaya gefen, kamar kwalekwalen da kowa ya koma baki guda. Kin san a aji huɗu na bar makaranta. Karatun da kike gani ina yi, ni na koya wa kaina, da littafin injin jirgi da 'yan takardun nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, daga baya kuma waya ta zo. Na zama ba abin da na yarda da shi sai wanda na gani a rubuce. Rannan ina karance-karancena na ci karo da bayani cewa dafin irin waɗannan kifaye zafi ne ke karya shi, a tsoma wurin a ruwan zafi kawai. Na miƙe kamar an tsikare ni.

A daminar shekarar Inna ta riga ta ce mini ni za ta ba tukunyar. E, ni aka fara yi wa tayin, ba ke ba. Na shigo gida na same ta da wani Bagunge, masunci ɗan tsibiran ruwan nan, hannunsa a ƙwarya, matarsa na gefe. Ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Inna, na gano asirin! Ba ganyenki ba ne, ba tofinki ba ne, ruwan zafi ne kawai. Turawa sun rubuta. Ko butar mai shayi za ta yi aikin nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ƙara ludayi guda, ta tsoma gwiwar hannu, sannan ta ce, "To madalla. Su Turawan, wa ya gaya musu?"

Na ce bincike suka yi.

Ta ce, "Uwata ta yi wanga aiki a gungunmu na tsakiyar kogi tun ruwan dam bai ci shi ba, tun ba a haihi mai takardarka ba. Shi ya iske mu, ba mu muka iske shi ba. In ruwan zahi na kaɗai, ga ruwa ga wuta. Allah shi ba da sa'a."

Bagungen nan, da hannunsa a ƙwarya, ya ce, "Inna, in ya gama karatun a ba shi buta ya yi mana shayi." Har matarsa sai da ta dara.

Kin san tabon da ke bayan hannuna na hagu, wanda na ce miki salansar inji ce? Ƙarya na yi miki. Ba a yi wata guda da maganar butar nan ba kurungu ya soke ni ina zazzage koma. Girman kai ya hana ni zuwa wurin Inna. Na tafasa ruwa a buta, na juye a roba, na tsunduma hannu. Azabar dafi ta hana ni gane cewa ruwan ya wuce kima, ina cije baki ina cewa haka aka rubuta. Da na fitar, fata ta saɓule kamar ta dafaffen dankali. Takarda ta ce ruwan zafi. Ko ta faɗi iyakar zafin, ni dai ban tsaya na karanta ba, kuma ko na karanta, ba ta ba ni gwiwar hannun Inna ba. Ba ta koya mini lokacin ƙara ludayi ba, balle yadda babban yatsa ke jin guntun ƙaya a cikin nama.

Inna ce ta yi jinyar ƙunar, da zuma, kwana da kwanaki, ba ta ce mini ci kanka ba. Sai ranar da ta kwance tsumman ƙarshe ta ce, "Bakin da ya zagi tukunya ba shi gadonta." Daga ranar ta rufe maganar. Na ba da haƙuri, na turo ƙannenta, na turo liman. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, amma tukunya a'a.

Za ki tambaye ni, to ganyen yana wani aiki ko ba ya yi? Ban sani ba! Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mai yiwuwa ba abin da yake yi sai ƙamshi. Mai yiwuwa shi ke sa wurin bai cika ruɓewa ba. Wa ya auna? Ba kowa. Masu na'ura ba su san ganyen ba, mai ganyen ba ta da na'ura, ni da na tsaya a tsakiya na ɓata da baki. Saboda haka in kin karanta abu a littafi, kada ki rugo gida da shi kamar kin tsinci adda. Ƙaramin sani ya fi jahilci saurin yanka. Ki tambaya kafin ki yanke hukunci, kuma ki gaisa kafin ki tambaya.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne masu tukunya. Ki zaga kasuwar Yelwa da ido buɗe. Na san wani Bakambare mai ɗori a wani ƙauyen Ngaski, in aka kai masa karaya sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta tare da taka, ya ce ranar da kaza ta taka kai ma ka taka. Na ga wanda ya ɗora ya miƙe sambal, na kuma ga wanda ya warke a karkace, don hannu ba ya ganin abin da hoton asibiti ke gani. Fulani suna da nasu na man shanu da turare da saiwoyin da suka sani a dawa. Bayarabiya na nan da kwalabenta na jiƙo masu ɗacin tsiya. Malam na nan da rubutu da zuma da habbatus sauda. Na karanta cewa mutanen Sin allurai suke kafa wa mutum a jiki, Indiyawa kuma da mayuka da kayan yaji. Kowace al'umma da tukunyarta a ƙarƙashin gado, har su Turawan, kafin su koma ƙwaya.

Na daɗe ina juya bambancin a kaina ina kwance injin mutane. Masu maganin gida, ko wane yare suke yi, sun san sunanka da na ubanka. Suna zama da kai. Suna tambayar abin da ke damunka har wanda ba a jiki yake ba. Amma ka ce musu nawa zan sha, sai su ce tafin hannu guda. Tafin wa? Nawa ko na jariri? Ka ce mene ne a ciki, su ce asiri ne. In an warke, magani ya yi. In an mutu, kwana ya ƙare, ba mai tambaya. Kuma ranar da mai shi ya kwanta dama, sanin ya bi shi kabari. Wannan yana ba ni haushi, kuma na faɗa wa Inna a gabanta. Asibiti kuwa yana awo, yana rubutawa, abin da wani ya gano a wata ƙasa ya iso ga wani, wanda ya yi kuskure ana iya tsayar da shi a tambaye shi. Amma sau nawa asibiti ya tambaye ki ya mutanen gida? A can ba ka da suna, kai ne gado na shida.

Kuma kada ki haɗa mini Inna da mai lasifikar nan na bakin tasha, da kwalba ɗaya mai maganin basir da shawara da taifot da ciwon baya da wasu abubuwan da ba zan rubuta wa 'yata ba. Wancan ɓarawo ne. Ɗan'uwansa kuma shi ne mai kantin maganin da ko ciwon kai ka kai masa sai ya ce ka juya ya yi maka allura. Ɗaya ya saci rigar gargajiya, ɗaya ya saci ta asibiti. In dariya kike ji, ga inda za ki kai ta.

Kin san dalilin da ya sa Inna ta ƙi komawa a duba mata ido? Ba a gaya miki ba, to yau ki ji. Bara na kai ta wani asibiti saboda yanar da ke rufe mata gani. Mun yi layi tun safe. Da aka zo kanta, wata ma'aikaciya da ba ta fi ki da shekara uku ba, ko sannu babu, ta ɗaga mata fatar ido ta ce, "Ke tsohuwa, me kika ɗiga a ciki? Ku dai ba kwa jin magana, sai kun gama lalatawa da gargajiyarku ku kwaso ku kawo mana." Inna ba ta ɗiga komai ba. Ita da kanta ta ce in kai ta, don ta ce ido ba nata ba ne. Ta gyara mayafinta ta miƙe ta ce, "Mu tahi gida." Na tsaya zan yi abin da na saba, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. An ce mini aikin ba mai tsawo ba ne, a cire yanar ta koma gani. Na roƙe ta har na gaji. Ta ce ba ta komawa inda ba a gaisuwa.

Yarinyar nan tana da ilimin da zai buɗe idon uwata, harshenta ya rufe shi. Dariyarki ta ranar Talata da tsawar yarinyar nan, uwa ɗaya ta haife su. In haka za ki dawo mini, da farar riga da ɗagin hanci, gara ki zauna gida ki taya uwarki ƙyafe kifi. Tsohuwar da za ta zo gabanki da laya a wuya da tsaga a goshi, ki durƙusa ki gaishe ta. Ki tambaye ta me ta sha, da muryar da za ta sa ta gaya miki gaskiya. In kika kunyata ta, ƙarya za ta yi miki, ki yi magani a kan ƙarya, ko ta tafi ba ta dawo ba. Ke kika yi asara, ita ta mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na cika takarda har hannuna ya ƙage. Washegarin dariyarki na shiga wurin Inna don in ba ta haƙuri a madadinki. Na same ta zaune bakin gado, tukunyar a cinyarta. Kin san ƙa'idar da ta gada daga uwarta? Mutum ɗaya ake ba, hannu da hannu, a bakin ruwa. In ba a sami mai karɓa ba, ba a barin ta a gida ta zama ta dafa wake. Fasa ta ake yi a zuba a ruwa. Ganyen kuma ba ya fitowa sai ruwa ya ja baya, a taɓon da ya bari. Bana da shinshina da lalube ta gane shi, ta ce baɗi ba ta da tabbas.

Ta ce mini, "In ruwa ya sake ja baya ban samu mai amsa ba, ka ɗauke ni a jirgi ka kai ni saitin gungunmu. Can zan maida ta."

Kin ji? Ni zan tuƙa. Ni da na zagi tukunyar, ni zan ja inji in kai ta inda za a nutsar da ita.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yarinya ce, ta ƙi ne don ba ta sani ba."

Ta ce, "Wa ya ce ta ƙi? Dariya ba amsa ba ta. Ni ban ji ta ce a'a ba."

Ni ko wannan rangwamen ban samu ba. Na tambaye ta, to in ke Uwani kin karɓa, za ta bari ki rubuta, ki auna, ki kai wa masu na'ura su duba ganyen? Har na ɗauka na sake ɓatawa. Can ta ce, "Ta amsa tukuna. Wagga gardama tsakanina da takwarata ta, ba da kai ba."

Ƙofa ke nan a buɗe, Uwani, kuma ba ta taɓa buɗe wa kowa ita haka ba. Ke kaɗai ce a zuriyar nan za ki riƙe ludayi a hannu ɗaya, ma'aunin zafi a ɗayan. Ke za ki iya gano ko ganyen yana aiki. In ya tabbata ba ya komai, ki faɗa, ni zan fara yarda. Ke za ki iya tsoma ƙafar masunci a ƙwarya, sannan ki cire guntun ƙayar ki yi masa allurar a wuri guda, ba sai wani wawan aboki ya tare shi a zaure ba. Kuma ina zargin in akwai mai iya riƙe hannun Inna ya mayar da ita a cire mata yanar nan, to wadda ta karɓi tukunyarta ce.

Ban ce dole ki karɓa ba. Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba. In kin duba kin ga ba za ki iya ba, ki ce a'a, ki kawo dalili kamar mai ilimi. Zan haɗiye, in zuba mai a inji. Abin da ba zan karɓa ba shi ne shiru, da saƙo ta bakin uwarki, da 'yar gajeruwar magana a waya.

Ki kula da salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana ki. Kifin nan ki shanya shi in kin ga ya fara laushi, ki kuma ba 'yan ɗakinku, kada ki ci ke kaɗai kamar ba 'yar bakin ruwa ba. Uwarki tana gaishe ki, tun jiya take share ido tana cewa hayaƙi ne. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga ciwon da ke da magani da wanda ba shi da shi, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya dawo mana da ke lafiya. Ya kuma raba ki da irin bakin ubanki. Amin.

Hutunku na farko zai zo kafin ruwa ya ja baya, na tambaya an gaya mini. Ranar da kika iso, kafin ki kwance jaka, zan sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gidan nan, daidai inda kika yi dariyar. Matan da suka ji za su zauna. Zan je in taho da Garba da sandarsa. Inna za ta fito da tukunya ta ajiye a gabanki. A bainar jama'a kika yi dariya, a bainar jama'a za ki ba da amsa, da murya sama yadda mai kifi a bakin kwata zai ji.

Za ki karɓa, ko in tayar da inji?

Ni ne mahaifinki,
wanda Garba ke kira Likita.